Sawun Mulkin Soja a Tsarin Mulkin Kankiya da Kusada

Tun daga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 har zuwa 29 ga Mayu 1999, sojoji sun riƙe ragamar Nijeriya kusan shekara 29, in ban da 'yan shekarun Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983 da 'yan watannin gwamnatin riƙo a 1993. Jama'a sun fi tuna wannan zamani da kiɗan soja a rediyo da tsare 'yan siyasa, amma abin da ya fi daɗewa shi ne tsarin mulkin da suka shata, wanda mutanen Kankiya da Kusada suke rayuwa a cikinsa har yau.

Kafin zuwan soja, ƙasar Katsina tana ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya wadda sarki yake shugabanta, kuma ita ke da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, hakimai kuma su ne idonta a gundumomi. Gwamnatin Yakubu Gowon ce ta karɓe waɗannan iko, sannan a 1976 gwamnatin Obasanjo, wadda Shehu Musa 'Yar'aduwa yake mataimakin shugaba a cikinta, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa, Kankiya kuma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa a tsohuwar Jihar Kaduna. A 1978 aka fitar da dokar filaye, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gona a karkara. Ibrahim Babangida ya ƙirƙiro Jihar Katsina a 23 ga Satumba 1987, Kusada ma a zamanin soja ta samu tata ƙaramar hukumar, har adadinsu a jihar ya kai 34.

Duk waɗannan an yi su ne da dokar soja, wato umarnin da majalisar ƙoli ta hafsoshi take zartarwa ba tare da majalisar dokoki ba, wanda sau da yawa kotu ba ta da hurumin duba shi. Ba za a musa cewa kusanto da hukuma ga talaka ya yi amfani ba, domin da sakatariyar ƙaramar hukuma ake samun albashin ma'aikata da asibiti da makaranta. Sai dai hanyar da aka bi ta koya wa jama'a cewa alheri daga sama yake saukowa, kuma wanda yake da ɗan'uwa a barikin soja ya fi mai ƙuri'a murya. Tsarin mulkin 1999, wanda gwamnatin Abdulsalami Abubakar ta zartar, ya jera sunayen ƙananan hukumomi a cikinsa, ya kuma tsananta sharuɗɗan ƙirƙiro sababbi, shi ya sa adadinsu na 774 a faɗin ƙasa bai motsa ba tun 1996.

Yau soja ya dawo karkarar Katsina da wata fuska, ta yaƙi da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Sashe na 217 na tsarin mulki ya yarda da haka idan shugaban ƙasa ya nema, bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya ta gindaya, kuma manomin da ya kasa zuwa gonarsa yana da gaskiya idan ya yi maraba da su. Amma juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya sa wasu matasa, waɗanda ba su ga zamanin mulkin soja na Abacha ba, suna yi wa mulkin soja kallon magani. Wajibi ne malamai da iyaye da wakilan mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa su bayyana musu cewa aikin soja tsare rayuka ne, gyaran ƙaramar hukuma kuwa ta hanyar zaɓe na gaskiya da bin diddigin kuɗin jama'a ake yin sa.