Koya Wa Yara Dabbobin Rana Da Na Dare

Malamar ajin ƙananan yara a Gwadangaji ba sai ta sayi komai ba domin wannan darasi. Ta zana da'ira biyu a ƙasa, ɗaya rana, ɗaya wata. In ta ce akuya ko belbela, yara su ruga cikin rana. In ta ce jemage, bushiya ko mujiya, su koma cikin wata.

Ta daɗe a kan mujiya, domin yara suna jin ana kiranta tsuntsuwar mayu. Alhali ɓeraye take kamawa, masu ɓarnar shinkafar fadamar Rima. Kunama da sauro mai kawo zazzaɓi su ma 'yan dare ne, saboda haka ta koya wa yara kwana cikin gidan sauro da kakkaɓe takalmi da safe.