Zare ɗaya ke rufe bakin tsohuwar radiyo

A gidaje da dama na Damagaram da Maraɗi akwai tsohuwar radiyo mai fitilu, Philips ko Grundig, irin wadda iyaye suka saurari BBC Hausa da ita tun 1957, da Radiyo Nijar tun 1958. Magada kan ɗauka ta mutu idan suka murɗa mamurɗi allura ta ƙi motsi. Sau da yawa zare ne kawai ya tsinke.

Zaren yana naɗe a sandar mamurɗi, ya bi ta ƙananan gargare, ya ja allura, ya juya faifan kwandansate, wato jerin faranta na alminiyom masu shiga tsakanin juna. Shigarsu da fitarsu ke sauya tasha.

Gwanin gyara kan fara zana hanyar tsohon zaren a takarda kafin ya cire shi. Sannan ya rufe farantan ruf, ya samo zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, ya naɗa shi sau biyu ko uku a sandar, ya ɗaure bakinsa a resor. Ba ya bari mai ya taɓa zaren, domin zamewa zai yi. Ƙurar hunturu kuwa hure ta yake a hankali, kada faranti ya lanƙwashe.

Sai dai aikin na son hattara: ko an zare waya daga bango, wutar da ta haura volt 200 na iya saura a ciki. Wanda ya gaji irin wannan akwati, gara ya kai wa masani kafin ya sayar wa ƴan gwangwan.