FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa manyan babura ke ƙin tashi idan inji ya ɗauki zafi, da yadda ake gano mai laifi

Akwai wata cuta da ta addabi masu manyan baburan gudu, waɗanda matasa ke kira fawa-bayik, kuma ta fi tsananta a watannin bazara. Babur zai tashi da sassafe bugu ɗaya, ya ci kilomita 50 lafiya lau. Da zarar an kashe shi na minti 10 ko 20, a gidan mai ko a ƙofar masallaci, sai ya ƙi tashi. Sitata na juyawa, fitilu na ci, amma injin ya yi kunnen uwar shegu. Bayan awa guda, idan ya huce, sai ya tashi kamar ba shi ne ya yi gardama ba.

Wannan ɗabi'a ce ta sa matsalar ke cin kuɗi. Kafin babur ya isa gareji ya riga ya huce, bakanike kuma ba ya ganin komai, sai ya koma canke: yau a sauya fulogi, gobe batir, jibi famfon mai. Kayan gyaran waɗannan babura daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023 farashinsu ya ninka. Haka nan akwai tambayar da mai babur ke da haƙƙin sanin amsarta: baburinsa ne ya tsufa, ko kuwa man da aka sayar masa ne ba shi da inganci?

Zafin da ke biyo bayan kashe inji

Mutane da yawa na zaton inji yana fara hucewa ne nan take da an kashe shi. A sassan da ke kewaye da shi akasin haka ke faruwa. Lokacin da babur ke tafiya, iska na kaɗa lagireto, famfon ruwa na zagayar da ruwa, sabon mai kuma na gudana daga tanki yana sanyaya tiyo. Da an murɗe makulli duk wannan ya tsaya cak, amma ƙarfen injin yana nan da zafinsa, wanda a cunkoson gari yakan kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Zafin ba shi da mafita sai sama.

A babur ɗin gudu kuwa, abin da ke saman inji shi ne kafireta ko nozil, da tiyon mai, da tanki. Robobin da aka lulluɓe jikin babur ɗin da su don ya keta iska suna riƙe zafin kamar murfin tukunya. Shi ya sa matsalar ba ta cika bayyana ba idan an sake kunnawa cikin minti ɗaya, ba ta kuma bayyana bayan awa biyu. Tsakanin nan ne take kwana. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, lokacin gardamar yakan ƙara tsawo.

Fetur gauraye ne

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Fetur ba shi da ma'auni ɗaya tak, domin gaurayen sinadarai ne masu yawa. Mafi sauƙi daga cikinsu na fara zama tururi tun daga digiri 30 zuwa 40, mafi nauyi kuma sai wajen digiri 200. Masu sauƙin su ne ke tayar da inji da sanyin safiya, su ne kuma ke fara tafasa a cikin tiyo idan zafi ya taru.

Saboda haka ne ƙasashen Turai da Amurka ke da man hunturu da man bazara. A Tarayyar Turai doka ta ƙayyade ƙarfin tururin fetur a lokacin zafi kada ya wuce kilofaskal 60. Idan aka zuba wa fetur sinadarin itanol ko metanol, saurin tururinsa yana ƙaruwa, kuma metanol ya fi yin wannan tasiri ko da kaɗan ne aka zuba.

Sakamakon tafasar mai iri biyu ne, kuma suna hannun riga da juna. Ko dai tururi ya cika tiyo ya hana mai isa ga inji, wato yunwa. Ko kuma man ya malala cikin inji fiye da kima ya jiƙa fulogi, wato shaƙewa. Duk binciken ya ta'allaƙa ne a kan bambance waɗannan biyu, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗayan.

Kafireta da nozil

Yawancin manyan baburan da ke yawo a Najeriya na hannu ne, kuma shekarar ƙira tana nuna irin tsarin mansu. Kamfanonin Japan sun bar kafireta suka koma nozil mai aiki da kwamfuta a tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000: Suzuki GSX-R750 a 1998, Honda CBR600F4i a 2001, Yamaha R1 a 2002, R6 a 2003.

A mai kafireta, mai yana zama ne a ɗan ƙoƙon da ke ƙarƙashinta, ba tare da wani matsi ba. Idan zafi ya hau, man ya tafasa, tururi da ɗigonsa su gangara bakin inji. Idan kuma allurar da ke rufe ƙofar ƙoƙon ta cinye, mai zai ci gaba da tsiyaya bayan an kashe babur. A nan shaƙewa ce ta fi yawa, kuma jan cok yana ƙara dagula ta.

A mai nozil, famfon lantarki ne ke turo mai da matsin da ya kai bar 3 zuwa 3.5 a yawancin baburan Japan. Wannan matsi ne ke hana mai tafasa, kamar yadda ruwan lagireto ba ya tafasa muddin murfinsa na rufe. Akwai ɗan bawul a jikin famfon da aikinsa shi ne riƙe matsin bayan an kashe inji. Idan ya lalace, matsi ya zube, man da ke layin ya zama tururi, inji ya shiga yunwa. Idan kuwa nozil ne ke yoyo, matsin ya zube kuma silinda ta jiƙe, sai matsalar ta zama biyu.

Wasu baburan suna da na'urar daidaita matsi a wajen tanki, mai siririyar fatar roba a ciki. Idan fatar ta tsage, inji yakan zuƙi mai kai tsaye ta tiyon iskar da ke haɗe da ita. Masu gyaran Honda CBR600F4i sun daɗe da sanin wannan lahani. Gane shi ba wuya: a zare tiyon iskar, idan aka tarar da fetur a ciki an kama ɓarawo.

Gwaji huɗu a bakin titi

Sharaɗin farko shi ne a yi gwajin a lokacin da babur ke gardama. Bincike a kan injin da ya huce ɓata lokaci ne.

Na farko, sauraro. Idan an kunna makulli a babur mai nozil, ya kamata a ji kukan famfo na daƙiƙa 2 zuwa 3. Shiru yana nuna famfo, ko fis, ko wayoyinsa. A kunna a kashe sau uku ba tare da an danna sitata ba, sannan a gwada. Idan ya tashi, alama ce cewa matsi ne ke zubewa kuma famfon ya sake tara shi.

Na biyu, murfin tanki. Tanki yana da ƙaramar kafar shaƙar iska. Idan ta toshe, buɗe murfin zai zo da huci mai ƙarfi, kuma sau da yawa babur kan tashi bayan haka. Ɗan huci kaɗan a rana mai zafi ba abin damuwa ba ne.

Na uku, totur. A murɗe shi har ƙarshe, a danna sitata na daƙiƙa 5. A mai kafireta wannan yana shigar da iska mai yawa. A baburan nozil da dama, ciki har da na Honda, kwamfutar kan yanke mai gaba ɗaya idan ta ga an buɗe totur duka ana bugun sitata, don silinda ta bushe. Idan bayan haka babur ya tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur daga salansa, shaƙewa ce.

Na huɗu, fulogi, idan akwai halin cire shi. Jiƙaƙƙen fulogi mai warin mai na nufin mai ya yi yawa, ko kuma babu wutar da za ta ƙone shi. Busasshe bayan dogon bugu na nufin mai ba ya isowa.

Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 5 a jere, a kuma huta tsakanin bugu da bugu. Zuba fetur a bakin inji mai zafi don a tilasta masa tashi hanya ce ta gobara.

Abin da ya kamata a nema a gareji

Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗaura gejin matsi a layin mai, ya bar inji ya yi zafi, ya kashe, sannan ya zuba wa allurar gejin ido. Idan ta faɗi cikin 'yan mintoci, akwai yoyo, saura a gano ko ta wajen famfo ne ko ta wajen nozil. A kuma shinshina baƙin mai. Idan yana warin fetur, ko ya ƙaru a ma'auninsa, to mai na tsiyaya cikin inji. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare fistin da sauran ƙarafa.

Sai na'urar da ke gaya wa kwamfuta zafin inji. Idan ta yi ƙarya ta ce inji na da sanyi, kwamfutar za ta zuba mai irin na safiya a cikin inji mai zafi. Ana auna ta da mita. A yawancin babura takan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80, amma littafin kamfanin kowane babur shi ne alƙali.

Akwai kuma cututtukan da ke sanye da rigar matsalar mai alhali ba su da alaƙa da shi. Kwayil da na'urar da ke lura da juyawar inji sukan yanke wuta idan sun ɗauki zafi, su dawo idan sun huce. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba lokacin bugun sitata. Idan inji na aiki, ya kamata caji ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Bawul ɗin inji da tazararsu ta matse su ma suna hana tashi, domin ba sa rufewa sosai. Kamfanoni na so a duba tazarar duk bayan kilomita 24,000 zuwa 42,000, gwargwadon babur, kuma wanda ya sayi na hannu ba kasafai yake samun takardar da ke nuna an taɓa yin hakan ba.

Inda ingancin mai ya shigo

Zargin man fetur a Najeriya yana da tushe. A Fabrairun 2022, hukumar NMDPRA mai sa ido kan tacewa da rarraba mai ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙa'ida. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen ruwa huɗu ne suka ɗauko shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya kuma bayyana cewa gwajin da aka saba yi, can da nan, bai haɗa da auna metanol ba. Injuna sun lalace, janye man daga kasuwa kuma ya haifar da dogayen layuka na makonni a Abuja da Legas da sauran birane.

Metanol, bayan saurin tururi, yana cin roba da wasu ƙarafa masu laushi, wato ainihin kayan da aka yi fatar na'urar matsi da zobban nozil da kafireta da su. Ɓarnar irin wannan mai kan iya bayyana bayan an daɗe da ƙone shi. Man 'yan bumburutu kuwa, da ke yini a galan cikin rana, babu mai tabbatar da abin da aka gauraya masa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A sami kwalba siririya, a zuba ruwa kashi ɗaya a yi masa alama, a ƙara fetur kashi tara, a girgiza, a bari ya kwanta. Itanol da metanol suna barin fetur su bi ruwa, don haka idan layin ruwan ya haura alamar, akwai ɗayansu a ciki. Gwajin ba ya bambance su, kuma ba ya maye gurbin na ɗakin bincike. Hanya ta biyu ita ce a juye tankin, a zuba mai daga wani amintaccen gidan mai. Idan gardamar ta ɓace, an san inda aka dosa. Idan tana nan, a koma kan babur.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ke biyan cikakken farashi yana da cikakken haƙƙin samun mai mai inganci. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ɗora wa NMDPRA alhakin sa ido kan hakan, hukumar FCCPC kuma na karɓar koken masu sayayya. Sai dai koke ba ya tasiri idan babu hujja. Mai babur da ke zargin an sayar masa da gurɓataccen mai ya karɓi rasit, ya rubuta rana da sunan gidan man, ya adana samfurin man a kwalba mai murfi nesa da wuta, ya kuma nemi bakanike ya rubuta masa abin da geji da mita suka nuna tun kafin a kwance ko da noti ɗaya.