Fataken Zamani: Yadda Wayar Salula Ta Zama Shago Da Ofis A Maraɗi

Duk wanda ya yi sammako ya je tashar manyan motocin da ke zuwa Yamai daga Maraɗi zai ga wani abu da babu shi shekaru ashirin da suka wuce. Kafin fasinja ya tambayi lambar kujerarsa, sai ya fara duba ko wayarsa ta cika da caji, domin tafiyar kilomita sama da 600 ce a gabansa, kuma a cikin wannan tafiya zai yi ciniki, ya biya kuɗin dako, ya tura hoton kaya, ya sasanta rigimar yaran shago, duk yana zaune a kan kujerar mota. Da yawa daga cikin waɗannan matafiya ba su da wani ofis da ya wuce aljihun rigarsu.

A ƙasashen Turai da Amurka har suna aka laƙaba wa masu irin wannan rayuwa, wato mutanen da ke aiki ta intanet suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, bana a Fotugal baɗi a Tailan, alhali albashinsu na zuwa ne daga kamfanin da wataƙila ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Sunan ya bazu ne bayan wani littafi mai suna Digital Nomad da Tsugio Makimoto ɗan ƙasar Japan da David Manners ɗan Ingila suka fitar a 1997, inda suka yi hasashen cewa wata rana na'ura za ta raba ma'aikaci da zaman ofis. Annobar korona ta 2020 ce ta gaskata hasashen, domin miliyoyin ma'aikata sun koma aiki daga gida, daga nan wasu suka ga ai gidan ma ba dole ba ne. Nan da nan ƙasashe suka shiga rige-rigen jawo su da biza ta musamman: Barbados da Estoniya a 2020, Fotugal da Namibiya a 2022, Afirka ta Kudu a 2024.

Sai dai bizar tana da sharaɗi. Lokacin da Estoniya ta fara bayar da tata, sai mutum ya nuna yana samun kimanin Yuro 3,500 a kowane wata, wato fiye da sefa miliyan biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu cewa ba don irinmu aka yi tsarin ba. To, shin ke nan babu masu aiki a kan hanya a ƙasar Hausa? Akwai su, kuma Maraɗi na cikin garuruwan da aka fi ganin su, illa dai abin da ke fitar da su daga gida da abin da ke tare musu hanya sun bambanta da na Bature.

Ba Yau Aka Fara Ba

Maraɗi gari ne da tafiya ta haifa. Bayan da tsoffin sarakunan Katsina suka rasa birninsu a lokacin jihadi a 1807, sai suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa ma suka kafa Tibiri a kusa da nan wajajen 1836. A wancan zamani kuwa fatauci shi ne babbar sana'ar Bahaushe mai neman arziki. Ayarin jakuna kan tashi ƙarƙashin madugu, a ɗauki kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana yada zango kafin a isa Gwanja a sayo goro. A kowane zango akwai fatoma, wanda zai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi.

Zamanin Faransawa gyaɗa ce ta ɗaga garin, musamman bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, aka sake gina shi a kan tudu. Da yaƙin Biyafara ya dagula hanyoyin kudancin Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, farin shekarun 1970 kuma ya karya noman gyaɗa, sai 'yan kasuwar Maraɗi suka koma shigo da atamfa da taba da sauran kayan waje ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suna tsallakar da su zuwa Katsina da Kano. Waɗannan su ne Alhazan Maraɗi da wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, inda ya nuna cewa ƙarfin alhaji ba a sito kaɗai yake ba, yana ga yawan barorin da ya baza a garuruwa, abin da su da kansu ke kira arzikin mutane.

Abin Da Waya Ta Canza

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Kafin nan, ɗan kasuwar hatsi da ke son sanin farashin gero a wata kasuwa sai ya jira rediyo, ko ya tambayi direba, ko ya biya kuɗin mota ya je da kansa. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bibiyi kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006, kuma sakamakon da ta fitar a 2010 ya nuna cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A taƙaice, abin da a da yake cin yini guda da kuɗin mota, ya koma kiran minti biyu.

Wancan ma zamanin kira ne kawai. Babban sauyin ya zo ne da manyan wayoyi da manhajar WhatsApp, musamman saƙon murya, wanda ya buɗe ƙofa ga ɗan kasuwar da bai yi boko ba. Yanzu mutum na Gwanzu a ƙasar Sin ko Dubai, zai ɗauki hoton takalmi ko kayan wuta ya tura wa abokan cinikinsa a babbar kasuwar Maraɗi, kowa ya faɗi katan nawa yake so, a tura kuɗi, kafin ya bar masaukinsa ya riga ya sayar da rabin kwantena. Wani yana Lome yana jiran a fitar masa da kaya, amma yana kallon hoton littafin cinikin shagonsa kowane dare. A cikin gida kuwa, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana sun rage wa matafiyi ɗaure kuɗi a ƙugu, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne a yankin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji.

Abin bai tsaya ga manyan alhazai ba. A Jiratawa, inda aka yi fadamar noman rani ta kimanin hekta 500 a farkon shekarun 1980, zogale ya zama abin kasuwa da ake aikawa har Yamai. Mai sari zai iya zama a can babban birnin, ya ga hoton buhunan, ya yi tayi ta saƙon murya, a ɗora a motar safe ya karɓa da dare. Haka dillalin dabbobi a Tibiri ke ɗaukar bidiyon rago ko jar akuyar nan ta Maraɗi da ta yi suna saboda fatarta, ya tura wa mai saye a Kano tun kafin dabbar ta taka kara. Masu aya da riɗi da wake ma ba sa ɗaure buhu sai sun ji yadda kasuwar Dawanau ta kwana.

'Yan Kwamfuta A Fada

Akwai kuma wani rukuni da ya fi kama da waɗancan na Turai, wato matasan da ba kaya suke sayarwa ba, aikin hannunsu suke turawa ta intanet. Tun da aka buɗe Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a 2010, garin ke yaye ɗalibai kowace shekara, alhali aikin gwamnati bai wadaci ko kaɗan daga cikinsu ba. A fada, wato majalisar shayi ta samari, ba abin mamaki ba ne ka ga wani ya ware gefe da kwamfutar tafi-da-gidanka a cinya, yana zana tallar wani shago, ko haɗa bidiyon biki, ko fassara takardar wata ƙungiyar agaji daga Faransanci zuwa Hausa. Wannan mako yana Maraɗi, mako mai zuwa aiki ya kai shi Damagaram ko Tawa, kwamfutar na cikin jakar goyo.

Jarin waɗannan matasa shi ne harshe. Ɗan Maraɗi mai Faransanci da Hausa, wanda kuma kusanci da Katsina ya sa ya tsinci Turanci, yana iya yi wa kasuwa biyu aiki. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun 2013, kuma kamfanonin da ke ƙera manhajoji masu magana suna neman masu rubuta ta da gyara ta. Ga shi kuma a Maris ɗin 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka koma harsunan aiki.

Ranar Da Aka Toshe Hanya

Duk wannan sauƙi ya rataya ne a kan abubuwa uku da ba sa hannun mai waya: iyaka, wutar lantarki, da layin sadarwa. Mutanen Maraɗi sun ga yadda kowannensu ke yankewa.

A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Manyan motoci suka yi ta jibge a Ɗan Isa, kayan da aka gama cinikinsu ta waya suka rasa hanyar wucewa. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, ciki har da Jibiya, saboda yaƙi da 'yan bindiga, ɗan kasuwa ya wayi gari ba ya jin abokin cinikinsa da ke ƙasa da tafiyar awa biyu.

Mafi tsanani shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka dakatar da hada-hadar kuɗi da ƙasar, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take bayarwa, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi. Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa suke samun tasu. Wanda ya karɓi aikin da zai miƙa cikin kwana biyu sai ya koma neman mai janareto ko farantin hasken rana, wanda ya gama aikin kuma ya shiga tunanin ta inda kuɗinsa za su iso. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Nijeriya a watan Maris. A cikin wannan watan ne kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni a ƙasashe da dama. Gadar Gaya da ke kan hanyar Kwatano ta ci gaba da zama a rufe bayan ɗage takunkumin, dole kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin dako.

Ga kuma batun canji. Sefa a ɗaure take da Yuro, kowane Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, alhali Naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a Yunin 2023. Wanda ya yi ciniki da Naira ya yi jinkirin canzawa, sai ribarsa ta narke a hannu.

An samu ɗan sauƙi ta wani ɓangaren. A Maris ɗin 2025 kamfanin Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam ya fara aiki a hukumance a Nijar, ko da yake kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a sai an yi karo-karo. Ana kuma sa ido a kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Amma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, makomar zirga-zirga ba tare da biza ba ta koma abin da gwamnatoci za su sasanta a tsakaninsu.

Amana Ce Jari

Matsalar da ta fi ci wa masu wannan harka tuwo a ƙwarya ba ta gwamnati ba ce, ta tsakanin mutum da mutum ce. Hoto ba ya nuna ƙasan buhu. Akwai masu tura shaidar biyan kuɗi ta bogi, akwai masu kwace lambar WhatsApp ta wani su riƙa karɓar kuɗi da sunansa, akwai matashin da zai kwana uku yana aiki wa wanda bai taɓa gani ba, a ƙarshe a toshe lambarsa. Shi ya sa har gobe gogaggen ɗan kasuwa ba ya sakin kaya mai yawa sai wani da ya sani ya tsaya wa mai saye, kamar dai yadda fatoma yake yi a zangon Gwanja. Shi ya sa kuma tashar mota ba ta daina cika ba, domin ko an yi shekara ana ciniki ta waya, dole wata rana a je a gaisa, a halarci suna ko ta'aziyya, a ga sito da ido. Hausawa dai sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Abin da waɗannan fatake ke buƙata daga hukumomin ƙasashen biyu bai kai bizar Estoniya wahala ba: wutar da ba ta yankewa saboda rikicin siyasa, kuɗin data da talaka zai iya saye, hanyar karɓar kuɗi daga waje ba tare da bin ta hannun ɗan canji ba, da kuma iyakar da ɗan Maraɗi zai tsallaka ya je Jibiya ya dawo ba tare da an tatse shi a shinge goma ba. Idan aka samar da waɗannan, sauran aikin mutanen Maraɗi sun iya shi tun zamanin jakuna.