Farar Saniya Mai Baƙar Fata, da Ɓaunar da Ta Fi Mota Tsada

Da zarar an yanke shinkafa a Kura da Bunkure da Kadawa, sai garken shanu su bazu cikin gonakin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, suna kiwon abin da manomi ya bari. Kusan dukkansu farare ne, irin Bunaji. Amma matsa kusa da Bunaji ka buɗa gashinta, za ka tarar fatar ƙasan mai duhu ce, haka ma bakinta da gefen idonta da kofato da bakin wutsiya. Farin gashi yana kore zafin rana, baƙar fata kuma tana tare hasken da ke ƙona jiki. Shanun Hereford na Ingila, masu farar fuska da farar fatar ido, su ne aka fi sani da ciwon dajin ido idan aka kai su ƙasa mai rana. Binciken dabbobin Nijeriya na farkon shekarun 1990 ya nuna Bunaji sun kai kusan kashi 37 cikin 100 na shanun ƙasar, kuma a ganina wannan rigar tasu tana cikin dalilai.

Sinadari biyu kacal ne ke rina gashin saniya: ɗaya yana ba da baƙi ko ruwan ƙasa, ɗaya ja ko rawaya. Jan Rahaji da tokar Bokoloji duk daga cikinsu suka fito. Fari kuwa rashin rinin ne.

Ja yana iya ɓuya. A shanun Turai irin su Frisiyan, ƙwayar gado mai suna MC1R tana da nau'in baƙi mai rinjaye da nau'in ja mai laɓewa. Baƙin sa da baƙar saniya, in kowannensu na ɗauke da jan a ɓoye, sukan haifi jan maraƙi sau ɗaya cikin huɗu a lissafi. Mai garke ya yi ta zargin san maƙwabci, alhali gadon kakanni ne ya fito.

Me ya sa fari ya fi zama a goshi da ƙafafu da ciki? Tun ɗan tayi na cikin mahaifa, ƙwayoyin da ke yin rini suna tasowa daga layin gadon baya su gangara sauran jiki. Inda ba su isa ba, nan ne ke zama fari. Tunkiyar Uda ta kai abin maƙura: rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari fat, kamar an tsoma ta a karofi an tsamo.

Sai ɓauna. Tamu ta dajin Yankari ba ta taɓa zama dabbar gida ba. Wadda ke jan garma a gonakin shinkafar Asiya wata halitta ce daban, kuma sun kai kusan miliyan 200 a duniya, fiye da rabi a Indiya. Har wadda manoman Masar ke tatsa a bakin Nilu daga Asiya asalinta yake. Baƙa ce ko mai ruwan toka, gashinta tsilli-tsilli, kafofin guminta kaɗan, shi ya sa rana na take wa take neman taɓo ta kwanta. Iri biyu ce, ta kogi da ta fadama, kuma ba ta haihuwa da saniya: ƙunshin gado na saniya 60 ne, na ɓaunar kogi 50, na ɓaunar fadama 48. Ɓaunar kogi da ta fadama kuwa suna barbarar juna, ɗansu ya zo da 49.

A kudancin Sin da maƙwabtanta akwai ɓaunar fadama fara tas, wadda ba zabiya ba ce, domin idonta baƙi ne. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano musabbabin: wani guntun gado mai tsalle daga wuri zuwa wuri ya faɗa cikin ƙwayar ASIP, ya sa ta yi aiki fiye da kima har ta hana rini fita. Farin yana da rinjaye, ko daga uwa kaɗai aka gada ya isa.

Mutanen Toraja na tsibirin Sulawesi a Indunusiya sun fi kowa girmama ɓauna mai dabbare-dabbare, wadda suke yankawa a manyan bukukuwan jana'iza. Mai kyan zane takan kai dubun-dubatar daloli. Masana sun danganta zanen da tawayar wata ƙwaya mai suna MITF. Duk wanda ya taɓa ganin yadda farin rago tas ke ɗaga farashi ana gobe Sallah ba zai yi musu dariya ba.

A nan gida Nijeriya kuwa, cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Frisiyan da Bunaji don ƙarin madara, kuma madarar tana ƙaruwa. Damuwata ita ce barbarar da ake yi barkatai a wajen irin wannan cibiya. Jinin waje in ya yi yawa, juriyar zafi da cuta sai ta ragu, kuma tsantsar Bunaji in ta salwanta ba a sayo ta a ko'ina.

A ɓangaren awaki kuwa, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce tushen fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko, saboda ta can take isa hannunsu bayan ayari ya ketara Sahara da ita daga Kano. Har yau masana'antun jima na Challawa a Kumbotso suna sarrafa fatun awaki don kaiwa ƙetare. A Nijar an daɗe ana dandaƙe bunsurun da ba ja ba don a tsare irin, an kuma kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a farkon shekarun 1960. Duk da haka baƙaƙen 'yan awaki ba su daina fitowa cikin garke ba, kuma da masu bincike suka gwada su da jajayen wajen haihuwa da girma, ba su sami wani bambancin kirki ba.