PS5 ko Xbox: Kafin Alhaji Ya Buɗe Lalita

A watan Nuwamban shekarar 2020 manyan kamfanoni biyu suka sake karawa a kasuwa, kamar yadda suka saba duk bayan shekara bakwai ko kusa da haka. Microsoft na Amurka ya fito da sabuwar Xbox ranar 10 ga wata. Sony na Japan ya biyo baya da PlayStation 5 ranar 12 a Amurka da Japan da wasu ƙasashe ƙalilan, sauran duniya kuma sai ranar 19. Duk magidancin da ke da samari a gida ya riga ya ji labarin nan ko bai nema ba. A cikinmu kuma akwai masu sarin kayan lantarki a Kwatano da Lome, akwai masu gidan gem a Nima ta Akara ko Birketiri ta Yawunde, waɗanda wannan magana a wurinsu ta jari ce, ba ta wasan yara ba.

Na'urorin da suka fito a 2020 guda huɗu ne, ba biyu ba, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. A lokacin Sony ya fitar da PS5 mai cin faifai a kan dala 499, da wata marar ramin faifai a kan dala 399. Microsoft ya fitar da babbar Series X a kan dala 499, da ƙaramar Series S a kan dala 299, ita ma ba ta cin faifai. A Turai ma a lokacin adadin kusan ɗaya ne da yuro. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, lissafin ba wuya: yuro 499 ya kama kusan sefa dubu 327, yuro 399 kusan dubu 262, yuro 299 kusan dubu 196. Wannan fa farashin kanti ne a can, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa fito ba, ba a sa ribar wanda ya ɗauko ba.

Shekara guda cur aka yi ana cinikin biri a sama. A watan Fabrairun 2020 kafar Bloomberg ta ce ƙera PS5 guda ɗaya na cin Sony kusan dala 450, mutane suka fara tuno da 2006 lokacin da PS3 ta fito a kan dala 599, aka ce to ga shi nan za a maimaita. Ba a maimaita ba. An daɗe ana ƙishin-ƙishin cewa Microsoft na ɓoye wata ƙaramar na'ura mai laƙabin Lockhart. Wannan ta tabbata, ita ce Series S, kuma sai da hotonta ya ɓulla a intanet a farkon Satumba sannan kamfanin ya amsa. An kuma yi ta yaɗa cewa PS5 za ta ci faifan PS1 da PS2 da PS3 gaba ɗaya. Masu tsofaffin faifai a kwali suka yi ta murna, har shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya fito ya ce a'a, na PS4 ne kaɗai, amma kusan dukkansu. Sai kuma wata, cewa Sony ya rage na'ura miliyan huɗu daga abin da ya yi niyyar ƙerawa. Kamfanin ya ƙaryata. Amma da aka buɗe odar farko a tsakiyar Satumba, cikin sa'o'i kaya suka ƙare a shagunan Amurka da Ingila, har Sony ya ba da haƙuri. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan ba sai an fassara masa ba.

In ka zauna da samari za ka ji suna musu a kan wata kalma, tarafulof. Ma'auni ne na yawan lissafin da na'ura ke yi a daƙiƙa guda don zana hoto. Series X na da 12, PS5 na da 10 da 'yan kai, Series S na da 4. Magoya bayan Sony kuma sai su mayar da martani da saurin rumbun ajiya: na PS5 na ɗauko giga 5.5 a daƙiƙa, na Xbox giga 2.4, wato jiran da ake yi kafin wasa ya buɗe zai ragu ƙwarai. Duk gaskiya ne. Sai dai ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urorin duka daga kamfani ɗaya ta fito, AMD, kuma zubin ɗaya ne. Sa'annan kyawun hoton da ake tallatawa, 4K da hoto 120 a daƙiƙa, yana buƙatar talabijin irin ta zamani, wadda a 2020 tsadarta ta fi ta na'urar kanta. A kan talabijin da ke falon mafi yawanmu, wallahi ko yaron da ke ta kumfar baki ba zai gane bambancin 12 da 10 ba.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne ramin faifai.

Dala ɗari da aka rage a PS5 marar faifai a 2020 ba kyauta ba ce. Wanda ya saye ta ya amince cewa duk wasan da zai yi daga kantin Sony na intanet zai saye shi, a farashin da Sony ya ga dama, kuma ta intanet zai sauke shi. A Faransa ko Koriya, inda waya ke shigo da intanet cikin gida ba iyaka a wata, wannan ba komai ba ne. Mu da ke sayen data giga-giga fa? Wasa guda na zamani yakan ci giga 40 ko 50, irin su Call of Duty sun haura 100. Ka je ka duba nawa kake sayen giga 10 a garin da kake, ka ninka, ka kuma tuna cewa layi na iya yankewa a tsakiyar dare. Kafin wasa uku ko huɗu dala ɗarin nan ta koma aljihun kamfanin waya. Faifai ma ba ya kuɓutar da mutum ɗari bisa ɗari, don akwai gyare-gyaren da ake saukewa daga baya, amma akasarin nauyin yana kan faifan.

Na biyu, faifai kaya ne. Ana sayar da shi, ana musaya, ana aro, ana ba ƙani. Yaron da ya gama wasa zai kai shi kasuwa ya cika kuɗi kaɗan ya karɓo wani. Wasan da aka saya ta intanet a maƙale yake da asusun mai shi, ba ya shiga gwanjo. Ga shi kuma farashi ya hau: Sony ya sa wasu sabbin wasanninsa, irin su Demon's Souls, a kan dala 70 maimakon 60 da aka saba. Kuma wanda ke da tarin faifan PS4 a gida, in ya ɗauko marar rami, faifan nan sun zama ado. Ko alƙawarin da wasu kamfanoni suka yi na ɗaukaka wasan PS4 zuwa na PS5 kyauta, in dai da faifai ka saya, sai na'ura mai rami.

An taɓa yin wannan rigima. A 2013 Microsoft ya sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya duk awa 24, kuma za a sa sharuɗɗa a kan sayar da faifan hannu. Jama'a suka yi ca. Sony ya fito da ɗan gajeren bidiyo na ba'a, wani jami'insa yana miƙa wa abokinsa faifai, wai ga yadda ake aron wasa a PS4. Kafin ƙarshen watan Yuni Microsoft ya janye, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: PS4 ta fito a dala 399, Xbox One a 499, kuma zuwa tsakiyar 2020 PS4 ta haura miliyan 110. Yanzu ga shi kamfanonin biyu sun dawo da abin ta ƙofar baya, da sunan rangwame.

Akwai kuma matsalar asusu. A duk ƙasashen da muke zaune, daga Gana zuwa Chadi, babu inda kantin PlayStation ko na Xbox ya buɗe a hukumance. A kudu da Sahara Afirka ta Kudu ce kawai a jerinsu. Shi ya sa yaranmu ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila ko Faransa, su riƙa sayen katin kuɗi a hannun dillalai, da ƙari a kai. Katin Amurka ba ya shiga asusun Faransa. Mai na'ura marar faifai, duk rayuwarta a kan wannan siririn zare take rataye.

Adalci dai, Microsoft na da nasa abin. Sunansa Game Pass: a 2020 ana biyan kusan dala 15 a wata a babban tsarin, a samu wasanni sama da ɗari, kamar mai biyan kuɗin tauraron ɗan'adam. A shekarar sun ce masu biya sun kai miliyan 15. Ranar 21 ga Satumban 2020 kuma suka sanar da sayen ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, a kan dala biliyan 7.5, don su ƙara cika rumbun. Ga iyalin da ke da intanet na gida mai ƙarfi, Series S da Game Pass ciniki ne mai kyau, ban musa ba. Ga wanda ba shi da shi, kamar an ba ka maƙullin sito ne a garin da ba mota. Har da tsarin biya kaɗan-kaɗan na wata 24 sun kawo, amma a 2020 a ƙasashe 12 ne, ba ko ɗaya a Afirka. Babban wasan da suka so su yi buɗi da shi, Halo Infinite, shi ma an ɗage shi zuwa 2021.

To masu gidan gem fa? Ku kun fi kowa sanin cewa ƙwallo ce ke kawo kuɗi, kuma hannun yaranmu ya saba da fad ɗin PlayStation tun zamanin PS2. FIFA 21 ya fito ranar 9 ga Oktoban 2020 kuma yana tafiya lafiya lau a PS4. PES na shekarar sabunta 'yan wasa kawai Konami ya yi, ya ce sabon gini sai 2021. Ke nan babu abin da zai sa yaro ya ƙi shagonka a watan Disamban 2020 don ba ka da PS5, in ban da son ganin sabon abu, wanda mako biyu ke kashewa. Ku lura da wannan kuma: tsohon fad na PS4 ba zai yi wasannin PS5 ba, sai dai wasannin PS4 da aka sa a cikinta. Sabon fad ɗin, DualSense, a kan dala 70 ya fito a 2020, cike da 'yan injina masu girgiza da maɓallai masu taurara da kansu. Daɗi a hannu, na yarda. Amma mai shago ya tambayi kansa wata nawa zai yi a hannun yara talatin kullum, kuma wane mai gyara ne a kasuwa ya taɓa buɗe cikinsa. A nan Xbox ta fi sauƙin kai, tsofaffin fad ɗin Xbox One za su yi aiki a sabuwar.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. An rubuta giga 825 a PS5 ta farko, amma abin da ke rage wa mai ita bai kai 700 ba. Series X an rubuta tera ɗaya, waɗanda aka ba su gwaji sun ce kusan 800 ke saura. Series S ta farko giga 512 ce kacal, kuma a 2020 katin ƙarin wuri na Seagate dala 220 ne, ya kusa kuɗin na'urar a lokacin.

Sai wuta da ƙura, abokan zamanmu. PS5 ta farko ƙatuwa ce, tsayinta santimita 39, nauyi kilo huɗu da rabi, kuma an rubuta wat 350 a ma'aunin wutarta. Mai ƙaramin janareta ya yi lissafi da talabijin da fanka. An yi jita-jitar tana zafi, sai Sony ya saki bidiyo ranar 7 ga Oktoban 2020, injiniyansu ya warware ta gaban kyamara: ga ƙatuwar fanka, ga narkakken ƙarfe da ke janye zafi, har da ramuka biyu da ƙura ke taruwa a zuƙe ta. Wannan na ƙarshen ya burge ni, ko da yake ƙurar Tokiyo daban, hazon hunturun Yamai daban. Ba a manta ba, fitowar farko ta Xbox 360 ta yi ta mutuwa da jan zobe, har a 2007 Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku. Bature ya mayar an canza masa. Wanda ya saya ta hannun ɗan'uwa daga Dubai, ina zai kai?

Ra'ayina a 2020, ga mai saye don gida, ya bar watannin farko su wuce. A lokacin kaya sun yi ƙaranci, korona ta dagula sufuri, an kuma rufe iyakokin Najeriya na ƙasa tun Agustan 2019, duk wanda ya samu kwali biyar zai yanka farashin da ya so. PS4 ta sauka zuwa dala 349 a 2015, ta koma 299 a 2016. A 2020 Sony da kansa ya ce sabon Spider-Man da Horizon na gaba za su fito a PS4. Ga mai sari kuwa lissafin a juye yake: ribar tana cikin waɗannan watannin na farko, ga kuma PS4 na hannu da za su malalo daga Turai da arha, waɗanda a ganina su ne kasuwar gaske ta 2021 a unguwanninmu.

Iyaye mata, ku ma ga taku: kowace aka saya, kada a ɗaura katin bankin maigida a asusun yaro. A cikin FIFA akwai buhunan 'yan wasa da ake saya ba a san abin da ke ciki ba, abin da Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can a farkon 2019. Na'urorin duka suna da wurin ƙayyade lokacin wasa da kashe kuɗi, a sa babban wa ya saita tun ranar farko.

In kuma yara sun riga sun ci ƙarfin Alhaji, an aika kuɗi Dubai ko Faris, a kira ɗan aiken a ja masa kunne ya duba kwali. PS5 mai cin faifai a farin kwali take, marar faifai a baƙi.