Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Ana jawo hankalin jama'a, tun daga Kuchigoro da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja har zuwa sauran sassan ƙasa, cewa tsofaffin kuɗin ƙarfe da ke cikin adakar iyaye da kakanni kayan tarihi ne.

Anini mai huda a tsakiya ya yi tashe a zamanin Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa taro da sisi da sule a 1959, kana naira da kwabo suka maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973.

Na'urar ƙirga kuɗi faɗi da kauri da irin ƙarfe take aunawa. Duk wanda ya saɓa wa ma'auninta sai ta tofar da shi gefe, wani lokaci ma ta karce shi. Masu tara kuɗin tarihi sukan dace a cikin waɗanda ta ƙi.

Saboda haka a tantance da ido kafin a zuba wa na'ura. Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko yashi, domin gugar takan rage masa daraja. Mai son ƙarin bayani ya ziyarci Gidan Tarihin Kuɗi na Babban Banki a Abuja.